Jamal Abdul Nasir, Shugaban Ƙasar Masar

Ku buɗe taswirar Afirka, ku ɗora yatsa a kusurwar arewa maso gabas. Nan ƙasar Masar ta ke. Yawancinta hamada ce, sai wani siririn dausayi da ya bi gefen Kogin Nilu, a nan ne kusan dukan mutanen ƙasar su ke zaune suna noma. Labarin da za mu karanta yau na wani soja ne da ya mulki wannan ƙasa. Ya ƙwato mata mutuncinta, ya yi wa talakawanta alheri mai yawa, amma ya toshe bakin masu yi masa gyara, har abin ya jawo wa ƙasar babbar hasara. Sunansa Jamal Abdul Nasir, duniya kuwa ta fi saninsa da Nasir.

Ƙuruciyarsa

An haife shi ran 15 ga Janairu, 1918, a birnin Iskandariya, bakin Bahar Rum. Ubansa ƙaramin ma'aikacin gidan waya ne, asalinsa mutumin wani ƙauye ne da a ke kira Bani Murr, can kudu kusa da Asyut. Ma'aikacin gidan waya kuwa ba shi da mazauni ɗaya, bana a kai shi wannan gari, baɗi a ɗauke shi zuwa wancan. Don haka Jamal ya yi makaranta a wurare dabam dabam. Yana da shekara 8, yana zaune wurin baffansa a Alƙahira, sai uwarsa ta rasu. Ba wanda ya gaya masa, sai da ya koma gida bayan watanni ya tarar ba ta. Wannan abu ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya tashi yaro mai shiru, mai zurfin ciki, mai son karatun tarihi.

A zamanin nan Masar tana da sarki, tana da majalisa, tana da tuta, amma ƙarfin mulki yana hannun Ingilishi. Tun cikin 1882 sojojinsu suka shiga ƙasar. Cikin 1922 aka ce an ba Masar mulkin kai, duk da haka sojojin ba su tashi ba. Wajen gonaki kuma, waɗansu 'yan tsirarun attajirai, waɗanda ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na masu gona ba, su ke riƙe da kusan sulusin ƙasar noma. Manomi ya yini cikin taɓo, in an yi girbi mai gona ya kwashe rabo mai tsoka.

Tun yana makarantar sakandare Jamal ya fara shiga jerin gwanon 'yan makaranta masu neman Ingilishi su fita. Cikin Nuwamba, 1935, aka harbi taronsu a Alƙahira, harsashi ya shafe shi a goshi. Tabon bai ɓace ba har ya mutu.

Aikin soja

Dā can sai 'ya'yan manya a ke ɗauka a makarantar hafsoshi. Da aka bukaci ƙarin hafsoshi sai aka buɗe ƙofa ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Jamal ya nema aka ƙi shi, ya sake nema aka ɗauke shi cikin 1937. Ya fita da ƙaramin muƙamin hafsa cikin 1938. Ya yi aiki a Manƙabad kusa da Asyut, ya kuma yi aiki a Sudan. Cikin waɗannan shekaru ya ƙulla abota da waɗansu samarin hafsoshi irinsa. Ku riƙe sunayen biyu daga cikinsu, watau Anwar Sadat da Abdul Hakim Amir, domin za mu sake gamuwa da su.

Abu biyu suka sa zuciyarsa ta juya wa gwamnatin sarki baya. Na farko ya faru ran 4 ga Fabrairu, 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jakadan Ingila ya sa tankokin yaƙi suka kewaye fadar Sarki Faruƙ, ya tilasta masa ya naɗa Firayim Ministan da Ingilishi su ke so. Samarin hafsoshi suka ji kunya ƙwarai, ga shi an wulaƙanta ƙasarsu su kuwa suna kallo.

Na biyu shi ne yaƙin Falasɗinu na 1948. Aka tura sojojin Masar ba da shiri ba, makamansu ba su isa ba, umurnin da ke zuwa daga Alƙahira kuma yana saɓa wa juna. Sojojin Isra'ila suka kewaye rundunar da Nasir ya ke ciki a wani wuri mai suna Faluja. Suka yi wajen wata 4 a kewaye, ba su ba da kai ba, sai da aka yi sulhu suka fito. A cikin ramukan Faluja ne Nasir ya tabbata cewa ciwon Masar yana can gida, a fadar sarki da ofisoshin manya.

Da ya komo sai ya tara amintattun abokansa, suka kafa ƙungiya a asirce cikin 1949, suka sa mata suna 'Yantattun Hafsoshi. Suka rarrabu ƙananan rukuni, har yawancinsu ba su san ko wane ne shugaban ƙungiyar ba.

Juyin mulki

Cikin Janairu, 1952, sojojin Ingilishi suka kashe 'yan sandan Masar da yawa a garin Isma'iliyya. Kashegari aka yi tarzoma a Alƙahira, aka ƙone gine-gine masu yawa. Sarki ya yi ta canja gwamnati, ba wadda ta zauna. Daren 23 ga Yuli, 1952, 'Yantattun Hafsoshi suka kama hedikwatar soja da gidan rediyo da filayen jirgin sama. Gari na wayewa Anwar Sadat ya karanta sanarwa ta rediyo. Ran 26 ga Yuli Sarki Faruƙ ya sauka daga gadon sarauta, ya shiga jirgin ruwa a Iskandariya ya tafi Italiya. Waɗansu hafsoshi sun so a kashe shi, Nasir bai yarda ba.

A lokacin nan Nasir yana da shekara 34, muƙaminsa Laftanar-Kanar, jama'a kuwa ba su san shi ba. Don haka suka sa wani dattijon hafsa mai farin jini a gaba, Janar Muhammad Najib. Nasir ya zauna a bayan fage yana juya al'amura.

Cikin Satumba na shekarar nan suka yi dokar gonaki. Dokar ta ce kada mutum ɗaya ya mallaki fiye da faddan 200. Faddan ma'aunin gona ne na Masar, ya ɗan ɗara eka kaɗan. Abin da ya haura wannan a karɓa a raba wa manoman da ba su da gona, kowa ya sami faddan 2 zuwa 5. Aka kuma rage kuɗin hayar gona. Cikin 1961 aka mai da iyakar faddan 100, cikin 1969 aka mai da ita 50. Ba kowane manomi ya sami rabo ba, domin mutane sun fi gonakin yawa, amma iyalai dubbai sun shuka gonar kansu a karo na farko.

Cikin Janairu, 1953, hafsoshin suka yi wani abu dabam: suka rushe dukan jam'iyyun siyasa. Ran 18 ga Yuni, 1953, aka kawar da sarauta, Masar ta zama jamhuriya, Najib ya zama Shugaban Ƙasa na farko. Ba a daɗe ba saɓani ya shiga tsakaninsa da Nasir. Najib yana so a komo da majalisa da jam'iyyu, soja su koma bariki. Nasir yana ganin in an yi haka masu dukiyar dā za su sake hawa kan talakawa. Nasir ya yi rinjaye, ya zama Firayim Minista cikin 1954. Cikin Oktoba na shekarar ya sa hannu a yarjejeniya da Ingila cewa sojojinta za su bar Masar.

Ran 26 ga Oktoba, 1954, yana cikin jawabi a Iskandariya, sai wani ɗan ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi ya harbe shi har sau 8, Allah ya kiyaye ko ɗaya bai same shi ba. Nasir bai gudu ba, ya ci gaba da jawabinsa, mutane suna ji ta rediyo. Daga ranar nan ya shiga zukatan jama'a. Amma hukuncin da ya biyo baya ya yi tsanani. Aka kama dubban 'yan ƙungiyar, masu laifi da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, aka rataye mutum 6. Cikin Nuwamba aka tuɓe Najib, aka tsare shi a wani gida. Bai sami 'yancinsa ba sai bayan rasuwar Nasir.

Ya zama Shugaban Ƙasa

Cikin Yuni, 1956, sojan Ingilishi na ƙarshe ya bar Masar, bayan zaman shekara 74. Ran 23 ga watan aka jefa ƙuri'a a kan sabon tsarin mulki da kuma shugabancin Nasir. A wannan shekara ce matan Masar suka fara samun ikon jefa ƙuri'a. Nasir ya tuɓe kakin soja, ya zama Shugaban Ƙasa. Sai dai ku lura da wani abu: shi kaɗai ne ɗan takara. Mai jefa ƙuri'a ba shi da zaɓi tsakanin mutum biyu, iyakarsa ya yarda ko ya ƙi. Aka ce fiye da 99 cikin 100 sun yarda.

Babban burinsa a lokacin shi ne ya gina ƙatuwar madatsar ruwa a Aswan. Kogin Nilu yakan cika ya yi ambaliya sau ɗaya a shekara. Wata shekara ruwa ya yi yawa ya ci gonaki, wata shekara ya gaza a yi yunwa. In an tare ruwan, sai a riƙa sakinsa gwargwadon bukata, a yi noma rani da damina, a kuma sami lantarki. Amurka da Ingila suka yi alkawarin taimako da kuɗi. Amma ba su ji daɗin yadda Nasir ya ƙi bin bayansu ba. Ya je taron ƙasashen Afirka da Asiya a Bandung cikin 1955, ya kuma sayi makamai daga ɓangaren Rasha. Ran 19 ga Yuli, 1956, Amurka ta janye alkawarinta, Ingila ta bi sahu.

To, akwai wata hanyar ruwa a Masar da a ke kira Mashigin Suwez. Mutane ne suka haƙa ta, ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, aka buɗe ta cikin 1869. Tsawonta a lokacin wajen mil 100 ne, kusan kamar daga Kano zuwa Zariya. Jirgin ruwan da zai tafi Asiya daga Turai, in ya bi ta nan ya huta da zagaya Afirka. Talakawan Masar ne suka haƙa ta, da yawa suka mutu wurin aikin, amma kamfanin da ke karɓar kuɗin wucewa na Faransawa da Ingilishi ne. Ran 26 ga Yuli, 1956, Nasir ya yi jawabi a Iskandariya, ya sanar cewa kamfanin ya zama na Masar, za a biya masu hannun jari, ribar kuwa za a gina madatsa da ita. Tun kafin ya gama jawabin mutanensa sun shiga ofisoshin kamfanin sun karɓe su.

Turawa suka ɗauka Masarawa ba za su iya ja wa manyan jirage gora cikin mashigin ba. Cikin Satumba matuƙan kamfanin suka ajiye aiki suka tafi. Masarawa suka kama aikin da taimakon waɗansu baƙi, jirage suka ci gaba da wucewa lafiya. Sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka ƙulla shawara a asirce. Ran 29 ga Oktoba Isra'ila ta auka wa yankin Sinai. Bayan kwana biyu jiragen Ingila da Faransa suka fara jefa bom, ran 5 ga Nuwamba sojojinsu suka sauka a Fot Sa'id. Mutanen garin suka yi ta fama da su, da yawa suka rasa rayukansu. Duniya ta yi caa a kan maharan. Amurka da Rasha da Majalisar Ɗinkin Duniya suka matsa musu, tilas suka tsai da yaƙi. Ingila da Faransa suka fita cikin Disamba, Isra'ila cikin Maris, 1957. Mashigi ya tabbata a hannun Masar.

Sunan Nasir ya cika duniya. Ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Turawa suka ga ashe ƙaramar ƙasa tana iya tsayawa gaban manya. Amma murna ta rufe wata gaskiya. A fagen fama an fi ƙarfin sojojin Masar, kuma shugabansu Abdul Hakim Amir bai nuna gwaninta ba. Nasir ya san haka, duk da haka ya bar abokinsa a kan muƙamin.

Ayyukansa

Rasha ta ba da rance da injiniyoyi, aka fara ginin madatsar Aswan cikin Janairu, 1960, aka gama cikin 1970. Tsayinta ƙafa 364, tsawonta ya fi mil 2. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai wajen mil 300, har ya shiga Sudan. Ƙauyuka masu yawa suka ga hasken lantarki, ambaliya ta daina ɓarna. Amma kowane babban aiki da tasa hasara. Aka tashi mutanen Nuba wajen dubu 100 daga garuruwan kakanninsu a Masar da Sudan. Laka mai taki da kogi ya saba zubawa a gonaki ta riƙa tsayawa a bayan madatsa, sai manoma suka koma sayen takin zamani.

Nasir ya gina makarantu da asibitocin ƙauye da masana'antu, kamar ta ƙarfe da ke Hilwan. Ya mai da karatun jami'a kyauta. Cikin 1961 aka ƙara wa tsohuwar Jami'ar Azhar sassan likitanci da aikin injiniya da noma. Ya taimaki ƙasashen Afirka masu neman 'yanci, musamman Aljeriya. Gidan rediyon Alƙahira ya riƙa watsa labarai da harsunan Afirka, har da Hausa da Sawahili. Cikin Mayu, 1963, ya zauna a Adis Ababa tare da sauran shugabanni, cikinsu har da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya da Diori Hamani na Nijar, suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka.

Ba kowane abu da ya taɓa ya yi albarka ba. Cikin 1958 aka haɗa Masar da Siriya suka zama ƙasa ɗaya, amma mutanen Siriya suka ga komai daga Alƙahira a ke yanke musu, suka ɓalle cikin 1961. Cikin 1962 ya tura sojoji Yaman don su taimaki sabuwar jamhuriya. An zaci aikin 'yan watanni ne, sai ga shi an shekara 5, dubban sojoji da dukiya mai yawa suka salwanta. A gida kuma jam'iyya ɗaya ce tak. Cikin 1960 manyan jaridu suka koma hannun hukuma. 'Yan sandan ciki suka yi yawa, har mutum ba ya sakin baki a gidan shayi. Aka ɗaure 'yan gurguzu da 'Yan Uwa Musulmi da sauran masu saɓanin ra'ayi, aka azabtar da da yawa a kurkuku. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a Masar ta lokacin nan mai cewa a gyara yakan kwana a ɗaure.

Yaƙin kwana shida

Cikin Mayu, 1967, zaman ɗar-ɗar ya ƙaru tsakanin Isra'ila da Siriya. Nasir ya tura sojoji Sinai, ya sa sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka tashi daga kan iyaka, ya kuma rufe mashigin Tiran ga jiragen ruwan Isra'ila. Amir ya tabbatar masa cewa soja a shirye su ke. Alhali Amir ya cika manyan muƙamai da 'yan gaban goshinsa, ba da duban cancanta ba, kuma ba jarida ko majalisa da ta isa ta bincika.

Da safiyar 5 ga Yuni jiragen Isra'ila suka faɗa wa filayen jirgin saman Masar, suka lalata jiragen yaƙi wajen 300, yawancinsu suna ƙasa ba su ko tashi ba. Gidan rediyo kuwa yana ta gaya wa jama'a ana cin nasara. Amir ya ba da umurnin janyewa ba tsari, dubban sojoji suka halaka a cikin hamada, waɗansu da harsashi, waɗansu da ƙishirwa. Cikin kwana 6 Masar ta rasa Sinai da Gaza. Mashigin Suwez, wanda aka sha wuya a kansa, ya zama bakin daga, aka rufe shi har 1975.

Ran 9 ga Yuni Nasir ya fito ta rediyo da talabijin, ya ɗauki laifin a kansa, ya ce ya sauka daga mulki. Nan da nan mutane suka cika titunan Alƙahira suna kuka, suna roƙon ya zauna. Kashegari ya janye murabus ɗin. Aka tuɓe Amir, ya mutu a tsare cikin Satumba. Cikin Fabrairu, 1968, 'yan makaranta da ma'aikata suka yi jerin gwano suna neman 'yancin magana. Nasir, wanda shi ma da jerin gwanon 'yan makaranta ya fara, ya yi alkawarin gyara, amma kaɗan ne daga ciki aka cika. Ya duƙufa wajen sake gina soja, aka ci gaba da musayar wuta a bakin mashigi har Agusta, 1970.

Rasuwarsa

Nasir ya daɗe yana fama da ciwon sukari da ciwon zuciya, ga shi ba ya hutawa. Cikin Satumba, 1970, faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Jordan da mayaƙan Falasɗinawa. Ya tara shugabannin Larabawa a Alƙahira, ya yi kwanaki yana kai da kawowa, har Sarki Husaini da Yasir Arafat suka sa hannu a takardar sulhu ran 27 ga wata. Kashegari, ran 28 ga Satumba, bayan ya raka baƙonsa na ƙarshe filin jirgin sama, ciwon zuciya ya buge shi. Ya rasu a gidansa yana da shekara 52. Aka yi jana'izarsa ran 1 ga Oktoba, mutane miliyoyi suka fito. Anwar Sadat ya gaje shi.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya 5. Gidan da ya ke ciki tun yana hafsa, a unguwar Manshiyyatul Bakri, a nan ya zauna har ya rasu, ko maƙiyansa kuwa ba su same shi da tara dukiya ba. Manomin da ya sami gona da ɗan talakan da ya zama likita sun riƙa ambatonsa da alheri. Wanda aka ɗaure ubansa ba shari'a, da wadda ɗanta bai komo daga Sinai ba, suna da nasu labarin. Ku yara, wata rana waɗansunku za su shugabanci jama'a, ko a ƙauye, ko a ofis, ko a ƙasa baki ɗaya. In ranar ta zo, ku so jama'arku kamar yadda Nasir ya so tasa, sa'an nan ku bar kusa da ku wanda zai iya gaya muku kun yi kuskure, ya koma gidansa lafiya.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka sa Nasir ya juya wa gwamnatin sarki baya?
2. Me ya sa hafsoshi suka sa Janar Najib a gaba, kuma a kan me suka saɓa da Nasir?
3. Ka bayyana yadda dokar gonaki ta 1952 ta ke.
4. Ka zana taswirar Masar, ka nuna Alƙahira, da Iskandariya, da Aswan, da Mashigin Suwez.
5. Ka faɗi amfani biyu da hasara biyu na madatsar Aswan.
6. A ganinka, ta yaya hana mutane magana ya cuci Masar cikin 1967?